Yaya Idi, ɗan sandan da ya ƙare a kan zem

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Idi, kuma bana ne ni ma na ajiye kaki. Shi ya sa na kasa barin watan nan ya wuce ban ce komai a kansa ba.

Duk wanda ya daɗe a Zongon Kwatano ya san shi. Ɗan sanda ne mai ba da hannu a titi, dogo, ba ya son wasa a bakin aiki. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya nuna mini hanyar aikin. Ranar da ya yi ritaya har rago aka yanka, yana dariya yana cewa daga yau sai masallaci da rediyo.

Da farko fanshon ya riƙe gidan. Sai masara ta tashi, haya ta tashi, maganin hawan jininsa ya tashi, abin da yake karɓa kuwa da ƙyar yake motsi. In ma an ji batun ƙari, kafin ya zo hannu kasuwa ta riga shi. Matarsa Habiba ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, duk da haka bai isa ba.

Wata safiya na gan shi a Tokpa-Hoho cikin riga rawaya ta 'yan zem, masu haya da babur, yana jiran fasinja a tsakiyar mutanen da ya sha tsayarwa. Na ƙarasa wurinsa, na ce, "Yaya, me ya yi zafi haka? Ina raye?" Ya ce, "Salisu, kai ma da naka iyalin. Koma bakin aikinka, mutane na kallo."

Ranar da abin ya faru, wata mai kifi ya ɗauka zuwa Fidjrossè da tsakar rana. Ita ta ba mu labari. Ta ce ya gangara gefen titi a hankali, ya ce, "Sauka 'yata, kaina na juyawa." Tana sauka ya faɗi. 'Yan zem ne suka kai shi asibiti, bai ƙara magana ba. Sai a zaman makoki Habiba ta gaya mini ya daɗe yana shan maganin yau, ya tsallake gobe.

Da Yaya zai leƙo Zongo yanzu, ban san me zai ce ba. Tsadar da ta kai shi titi, yau ita muke kira lokacin sauƙi. Habiba da rabon fanshon da ake ba matar mamaci take lallaɓawa, gwiwoyinta sun hana ta zaman kasko. Ni kuma watan jiya likita ya auna ni, ya rubuta mini irin maganin Yaya. Na tsaya a farmasi na ji kuɗinsa, sai da na nemi wurin zama. Ba mutuwa nake tsoro ba, wannan tana hannun Allah. Ina tsoron shekarun da zan yi kafin ta zo.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar 'ya'ya huɗu da ba a taɓa nuna su da yatsa saboda ubansu ba, kuma na san wannan ba ƙaramin gado ba ne. Amma autansa ya zo mini kwanan nan, wai yana son shiga aikin ɗan sanda, in sa masa albarka. Na ce ya dawo bayan Juma'a. Juma'ar ta wuce, har yanzu ban aika a kira shi ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Idi.