Hajiya Duwan, Wadda Kuka Kora Daga Aikin Kyauta

Gwaggo Hawa'u ba ta taɓa barin jaka ta wuce gabanta a rufe ba. Duk wanda ya taɓa zuwa karɓar abinci a ɗakin ƙungiyarmu na Stains, nan gefen Paris, ranar Asabar ya san haka. Ka bi layi, a zuba maka taliya da madara da gwangwanaye, ka ɗauka ka gama, sai ka tarar da ita a bakin ƙofa bisa kujerarta, ta miƙo hannu ko kallonka ba ta yi ba. Ta buɗe jakar, ta ɗaga wannan, ta shinshina wancan, sannan ta jefo tambayarta guda ɗaya: "Me za ka dafa da shi?" In ka yi inda-inda, to ba inda za ka. Shi ya sa kuka laƙaba mata Hajiya Duwan, wato kwastan, kuna faɗa a bayan idonta. Ta sani sarai. Ta ce mini, "Bar su. Ni dai duwan ɗin da ba ta cin hanci ce."

Alhaji Mamman, shugaban ƙungiya, ya ce in rubuta ƴan kalmomi masu daɗi a karanta yau a sadakar arba'in, tunda ni ɗiyar ƙanenta ce, kuma ni na fi kowa shan wuyarta. Na rubuta. Masu daɗin suna ciki, sauran kuma sai ku yi haƙuri ku haɗiye.

Kun tuna ranar da Malam Abakar tela, mutumin Abeshe ta ƙasar Cadi, ya dawo da fromaj ɗin da aka ba shi, cukun Faransawan nan mai wari? Ya ƙunshe shi cikin leda uku, ya riƙo shi can nesa da jikinsa.

Ya ce, "Hajiya, ku ji tsoron Allah. Don muna talakawa sai a ba mu ruɓaɓɓen abu?"

Gwaggo ta kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya. Ta gutsura, ta tauna a hankali har idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Malam, bai ruɓe ba. Haka aka haife shi."

Kowa ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta shiga ciki ta wanke masu rabo tas: wane mai hankali ne zai miƙa wa mutumin Abeshe wannan abu bai ce masa komai ba? Ta nemo wata tsohuwa Bafaransa a layi, ta musanya mata da gwangwanin sardin biyu. Tsohuwar ta tafi tana murna, Malam Abakar ya tafi yana wanke hannu.

Ni kuwa a Lyon ta kama ni. Lokacin shekarata ta biyu ke nan ina maimaita ajin farko na karatun doka. Baba can Damagaram yana gaya wa duk wanda ya gaishe shi cewa ɗiyarsa lauya ce, alhali ni tun Janairu na daina shiga aji. Na daina kiran kowa. Gwaggo ta ji shiru ya yi yawa, sai ta hau kar, wato bas, daga Paris ba sanarwa. Jirgin ƙasa awa biyu ne, kar ɗin nan kusan bakwai, amma ta ce ba ta ga abin da ke Lyon da ya kai a yi masa gudu ba.

Maƙwabciyar ɗakina ta rufa mini asiri, ta ce ina wajen karatu. Gwaggo ta shige ɗakina. Ta buɗe firigona, ɗan firijin nan, ta tarar da rabin albasa da kwalbar mutard, yajin nan na Faransawa. Ta rufe, ta ce, "Ina ake rabon abinci a garin nan?"

Ina fitowa daga wurin rabon na ɗalibai, na jawo hular rigar sanyi har hanci don kada wani ya gane ni, sai na ji an ce, "Balkisa. Kawo jakar."

"Gwaggo, don Allah, mutane na kallo."

"Su ma jakar ce a hannunsu. Kawo."

Ta fiddo ɗanyen waken nan ƙanana da suke kira lantiy, da dankali, da fakitin biskit.

"Me za ki dafa?"

"Reshona ya mutu wata biyu ke nan."

"To me kike ci?"

"Biskit ɗin."

"Sauran fa?"

Na ce zubarwa nake yi. Na zaci mari zan sha. Sai ta juya ga layin ɗalibai, da faransancinta na kicin ɗin lakwal, makarantar yara, inda ta yi shekara da shekaru tana dafa wa ƴaƴan mutane abinci, ta ce duk wanda ba shi da abin girki a ɗakinsa ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi da yawa, har da na wani da ke cikin masu rabon. Shugabar wurin ta fito tana tambayar ko wannan baiwar Allah daga ma'aikatar birni take. Na ce a'a, gwaggona ce. Ta ce da ma haka ta yi tsoro.

A bencin tashar kar, da la'asar, na gaya mata komai ina kuka. Ta bari na gama, ta miƙo mini gefen mayafinta.

Ta ce, "Ba zan gaya wa ubanki ba. Ba kuma zan yi masa ƙarya ba, sai dai in daina ɗaukar wayarsa, da ma ya cika surutu. Amma daga mako mai zuwa ki koma bayan teburin ɗaliban nan ki riƙa rabo. Tunda ba kya zuwa aji, aƙalla ki yi wa wani amfani."

Haka aka yi. Da hutu ya zo kuma ta ce in taho Stains. Ranar farko, maimakon ta kai ni teburin rabo, sai ta zagaya da ni bayan gini, wajen bola, ta ba ni safar hannu. Ta ce, "Tona." Abincinmu ne a ciki, wanda aka raba da safe. Kaji daskararru, buhunan lantiy ko buɗe su ba a yi ba.

Na ce, "Mutane ba su da godiya."

Ta ce, "Ke da bakin magana?"

Ta ja ni muka je wajen wata mata mai suna Fanta, da aka ajiye ita da ƴaƴanta biyu a ɗakin otel guda, inda aka hana girki. Butar dafa ruwa ta lantarki kawai gare ta, a ciki take dafa wa yara ƙwai. Mun ba ta ɗanyar kaza da safe, mun kuma ce mata ta ci lafiya. Daga nan muka hau bene wajen Malam Idi, wanda ciwon suga ya riga ya ci masa yatsun ƙafa biyu. Jakarsa biskit ne da kwalbar jam da lemon kwali. Ya ce ya san an hana shi, to amma me zai ci?

Na sauko daga benen nan da fushi. Wata da watanni ina fushi da kaina, ranar nan na samu abin da ya fi ni cancantar fushin. Ni da shafi biyu na doka ke sa ni barci, na aro littafin ciwon suga na cinye shi cikin mako guda. Kafin hutu ya ƙare na cika takardun komawa karatun ilimin abinci da lafiya a Lyon.

Saura Baba. Na kira shi da wayar Gwaggo, ita tana zaune kusa da ni tana gyaran alayyafo. Da na gama bayani ya ce, "Na tura ki ki zama lauya, za ki dawo mini kuku?"

Gwaggo ta fizge wayar. "Sule, kai da likita ya hana ka gishiri kake ci a ɓoye, ranar da ka faɗi lauya za a kira maka?"

"Yaya, ai ba haka ake magana ba."

"Haka nake yi tun kana tsirara. Sa mata albarka, katina na ƙarewa."

Ya sa.

To, yanzu mun zo wurin da ba daɗi.

Bayan na koma Lyon, Gwaggo ta fara raba jakunkuna gida uku: na masu kicin, na marasa kicin, na masu ciwon suga. Komiten ƙungiya ya ce doka ita ce kowa jaka iri ɗaya. Aka ce kuma tana tozarta mutane da tambayoyi. Ban ce ba ta da laifi ba. Bakinta ba linzami, ta taɓa sa wata mata kuka a gaban layi, na kuma gaya mata ba ta kyauta ba. Amma a cikinku wa ya zauna da ita? Wa ya zagaya bayan gini ya leƙa bolar nan? Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana buɗe ɗakin nan kafin kowa, tana zaune hawa biyu a saman kanku, kuka aika mata wasiƙa ta gidan waya. Da faransanci. Kun san ba ta karatu.

Ta ajiye ta har na zo ƙarshen mako. Na karanta, na rasa ta inda zan fara.

Na ce, "Gwaggo, sun ce sun dakatar da ke."

"Daga me?"

"Daga aikin sa kai."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce, "To. Gaya musu su riƙe albashin watan nan."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Amma da na shiga kicin ɗebo ruwa na dawo, na tarar tana shafa takardar bisa cinyarta, tana ta miƙar da ita, ba ta ma san na shigo ba.

Asabar ta gaba ta sauko da kujerarta da ɗan tebur, ta kafa a bakin titi, taku uku daga ƙofarku. Ta ce titi dai ba na komite ba ne. Mutane su karɓi jaka a ciki, su fito su yi layi na biyu a gabanta, mai kicin ya ba marar kicin gwangwani ya karɓi kaza. Wani ɗan sandan birni ya zo ya ce mata, "Madame, c'est interdit," wato an hana. Ta ce ba ta sayar da komai, zama take yi, ko an hana tsofaffi zama? Ta hango ƴar ledar da ke hannunsa, ta miƙa hannu, shi kuma don ruɗewa ya ba ta. Burodi ne da lemon gwangwani. Ta ce, "Wannan ne abincin ranarka? Uwarka ta sani?" Tun daga ranar, in ya biyo layin sai ya tsallaka ɗaya gefen yana duban sama.

Sanyi biyu ta yi a waje. Kuna ciki cikin ɗumi, kuna hangenta ta gilashi. Sau ɗaya Alhaji Mamman ya aika mata da kofi. Ta kurɓa, ta ce, "Wannan ma an dakatar da shi daga kofi." Wannan labarin kun ba da shi kun ƙara, kuna dariya. Amma ba wanda ya buɗe ƙofa ya ce, Hajiya, shigo. Na roƙe ta ta bari, ta ce in ta bari wa zai duba jakar Malam Idi? A watan Fabrairu tari ya kama ta, ya sauka ƙirji. Ban ce ku kuka kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Na dai ce shekarunta saba'in da ɗaya, kuma tsakaninta da ɗumin nan taku uku ne.

Yau da na shigo na ga jakunkuna kashi uku a jere, an rubuta musu suna mai kyau da faransanci, an ce sabon tsarin komite ne. Na ga kuma hotonta a bango tana murmushi. Ban san inda kuka samo shi ba. Ina zaton atishawa take shirin yi.

Ba hoto nake so ba. Ina so a rubuta a takardun ƙungiya cewa an janye waccan wasiƙar, kuma tsarin nan nata ne. Alhaji, kai ka sa hannu a ta farkon, ka iya sa hannu. In an yi, idan na gama karatu a watan Yuni zan zo in tsaya muku a teburin masu ciwon suga duk Asabar. In ba a yi ba, kujerarta tana wurina.

Ranar ƙarshe da na gan ta a asibiti magana ta yi mata wuya. Na zauna ina ba ta labarin jarrabawa, ban san ko tana ji ba. Sai ta laluba ta kamo wuyan hannuna, ta zagaye shi da yatsunta biyu, ta ga ba su haɗu ba. Ta ƙara gwadawa. Ta janye abin numfashin daga bakinta.

Ta ce, "Kin yi ƙiba."

Na ce, "Na yi, Gwaggo."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta mayar da abin, ba ta saki hannun ba.

Allah ya jiƙan Hawa'u ɗiyar Malam Bukar. Allah ya yafe mata kaifin harshenta saboda cikkunan da ta cika, ya sanyaya mata makwanci, ya shigar da ita inda ba a barin kowa a waje. Mu kuma da ta bari, Allah ya yafe mana, har da ni da na kasa yafewa tukuna. Amin.