Yadda na dawo Faris da takalmin mai lambu

Shekarun baya, ina ɗalibi a Lyon, na shiga neman auren wata yarinya 'yar Maraɗi da iyayenta ke zaune a Belleville, cikin Faris. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, saura mahaifinta Alhaji, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin akawu. Shekara guda cur ina hawo jirgi daga Lyon in zo in durƙusa a falonsa, amma duk sa'ad da aka taɓo maganar turo magabata sai ya ce, "Za mu gani." Na ji wannan kalma har na fara jin ta a mafarki.

Bakina ne ya jawo mini. Wata rana na cika baki a gabansa cewa ina jin Ingilishi, alhali hutu biyu kawai na taɓa yi a Kano wajen kawuna. Ba a yi wata ɗaya ba ya bugo mini waya: "Bon, ka nemi biza. Za ka raka ni Ingila."

Ashe yana saurayi ya yi wa wani Baturen Ingila mai sayen fatu aiki, shi ya koya masa keken rubutu, da wannan sana'a kuma ya ci abinci har tsufansa. Baturen ya daɗe da mutuwa, an kafa allon tunawa da shi a cocin ƙauyensu, Alhaji kuma ya ƙudurta sai ya je ya gani da idonsa. Lokacin ba a jima da buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku ba. Na ce a raina wannan tafiya ce jarrabawata, na je na sayi sabon takalmi baƙi mai sheƙi. Safa kuwa ban tuna da ita ba.

Muka kwana a Landan, da safe muka shiga wani jirgin, muka ƙarasa da bas. Cocin na dutse ne, ginin ɗaruruwan shekaru, a jikin katangar wani katafaren gidan gado mai fili ya kai unguwa guda, tumaki na kiwo, ana kafa rumfuna a kan ciyawa. Daga ƙofa akwai ɗan zaure, an jibge kwalaye na tsofaffin kaya a gefe. Wata tsohuwa mai jera furanni ta tarbe mu da fara'a.

Alhaji ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya tsaya yana kallon daɓen. Manyan fale-falen dutse ne, kowanne da rubutu.

"Tambaye ta, mi aka rubuta nan?"

Na harhaɗa Ingilishina na tambaya. Ta ce kaburbura ne, mutanen gidan can na dā ne kwance a ƙasa.

"Mutane na ƙasa, kuma ana bi ta kansu da takalmi? Cire naka."

"Baba, ai su kansu masu wurin da takalminsu suke shiga."

"Su masu wuri ne, mu baƙi ne. Cire."

Na cire. Babban yatsana ya leƙo ta hujin safa yana gaida jama'a. Muka jera takalman a zaure kusa da kwalayen nan, nawa sabo fil, nasa na fata ɗinkin Damagaram.

Sanyin daɓen nan har cikin haƙorina nake jin sa. Ga shi Alhaji ya hana a taka ko da gefen rubutu, sai tsallake-tsallake muke yi tsakanin kaburbura kamar masu ƙetare kwata. Muka wuce gunkin wani barde kwance da kare a ƙafarsa, Alhaji ya kau da kai. Can a jikin bango ya sami sunan maigidansa. Ya tsaya, ya harɗe hannu a baya, ya ƙura wa allon ido. Ni da na ɗauka minti biyar ne, sai da ya kusa cin awa guda. Ina tsaye da ƙafa ɗaya ina ɗumama ɗayar, ina duba agogo, don in bas ɗinmu ya wuce mun rasa jirgin Faris.

Muka fito zaure, babu takalmi, babu kwalaye.

Tsohuwar ta dafe ƙirji. Wai yau ake gwanjon taimakon gyaran rufin cocin a filin gidan can, kuma al'adarsu duk abin da aka ajiye a zauren nan sadaka ce, an zo an kwashe. Na zuba a guje cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, da kwat da safa, ina taka kashin tumaki. Na sami nawa a kan tebur tsakanin tsohuwar buta da wata fitila. Na Alhaji kuwa shi aka fara sayewa, wai wata mata ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki mai kyansa ba, ta shiga motarta ta tafi.

Ya zan yi? Na durƙusa na ajiye masa nawa. Ina fatan ya matse shi, sai ya zauna masa daram kamar don shi aka yi. Ni kuma mai lambun gidan ya tausaya mini da dogon takalminsa na roba, kore, duk taɓo, ƙafata biyu za su shiga ɗaya. A nan haƙurina ya ƙare.

"Wallahi Baba, da mun shiga kamar kowa da duk wannan bai faru ba! Matattun nan ba su ce sun ji nauyinmu ba!"

Ya dube ni, ya juya mini ƙeya. Haka a bas, haka a jirgi. Na zauna ina kallon takalmina a ƙafarsa ina cewa shi ke nan, na yi asarar takalmi, na yi asarar mata. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris, mutanen da ba sa kallon kowa ranar sai da suka kalle ni, ina tafe ƙwap, ƙwap.

Sai a ƙofar gidansa ya juyo.

"Ka yi mini tsawa gaban Nasara."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Shekara guda kana zuwa, to Baba, to Baba, ban san wa zan ba ɗiyata ba. Yau na ga iyakar fushinka. Ka yi faɗa, amma takalminka na ƙafata. Ka ce ma magabatanka su zo."

Yanzu da nake da 'ya'ya mata, na gane abin da dattijon nan yake jira, kuma ni ma ban cika sakin jiki da saurayin da komai aka ce sai "to" ba. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, na yi kukan rashinsa kamar mahaifina. Amma gaskiya abu ɗaya har yau yana ci mini rai: bai taɓa maido mini da takalmin nan ba. Da shi ya zo ɗaurin aurena, ya goge shi yana ƙyalli, kowa na ce masa, "Alhaji, wannan takalmi a ina?" Shi kuma yana amsawa, "Daga Ingila."