Ɗakin da Kekunanmu Suke Kwana

Tun ban tare a gidan nan ba na ji ana cewa akwai wani mai walda a ɗakin ƙasa da ya fitar da gadonsa don kekunan maƙwabta su samu wurin kwana. Direban da ya kwaso mini kaya ne ya fara faɗa mini, na ce masa ya dai kula da titi. A gaban tsofaffi masu tatsuniya na girma, na san yadda labari yake ƙiba in ya bi bakuna.

To, wannan mai waldar kai ne, Mai Ƙugiya, kuma Allah ya karɓi abinsa ranar Talata, bakwai ga watan jiya, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na hau sama sai in sauko, in na sauko sai in rasa abin da ya sauko da ni.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane girman abin da ka yi ba. Bene ne mai ɗakuna kamar akurki, matakalarsa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Wakilin mai gida ya hana ajiye komai a hanyar wucewa saboda gobara, kuma yana da gaskiya. Keken da ya kwana a waje kuwa, da safe ko dai a same shi babu sirdi, ko a samu wurin da ya tsaya kawai.

Maƙwabta suka ba ni labarin yadda abin ya faro. Uwar tagwaye ta can saman bene tana jan keken jarirai hawa-hawa, ɗa ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, gumi na zuba. Ka leƙo ka ce, "'Yata, wannan motar taku ba a yi ta don hawan dutse ba. Miƙo ta nan." Shi ke nan, an buɗe ƙofa. Mai burodi ya kawo nasa, malamar asibiti ta kawo nata, ni ma da na tare, da tsufana na turo nawa ina sunkuyar da kai.

Ɗaki ɗaya gare ku, kai da maiɗakinka, labule ya raba shi biyu. Amma ka lanƙwasa guntayen rodi ka yi ƙugiyoyi, ka naɗe kowace da tsohuwar roba don kada ta kankare fenti, ka kafa su a bango har kusa da silin. Wannan keken tayar gaba a sama, na kusa da shi tayar baya a sama, don kada kawunansu su sarƙe. Wanda yake riga kowa fita, nasa ne a bakin ƙofa. Keken jarirai kuma a naɗe yake a bayan ƙyaure, a ƙugiya ta ƙasa-ƙasa, domin ka ce mace mai goyo hannu ɗaya gare ta. A ƙarƙashin kowace sarƙa akwai kwali mai tare ɗigon mai, wannan kuwa dokar maiɗakinka ce, ba taka ba.

Ba ajiya kawai ka yi mana ba. Na sha kawo keke birki na kuka, in ɗauka washegari ya yi shiru, in na yi godiya ka ce wataƙila hutawa ya yi. Kuma a bangon nan kake karanta lafiyar gidan. Wata safiya ka tare ni ka ce, "Keken mai burodi bai sauko ba, kuma ba halinsa ba ne. Ƙafarka ta fi tawa, hau ka duba." Na same shi kwance, zazzaɓi ya kayar da shi, ko ruwan sha babu a kusa.

Sau ɗaya na taɓa tambayar ka zancen gado, ina satar kallon labule. Ka ce, "Malam, keke ka kawo ko binciken gida?" Ban sake ba.

Ranar da ka tafi, mun yi abin da muka ga ya dace. Kafin masu gaisuwa su cika, muka sauke komai, kowa ya ɗauki nasa, don a samu wurin shimfiɗa tabarma. Baƙi suka watse, mu kuma kunya ta hana mu mayarwa. Da wane baki za a ce wa matar da ta rasa miji ta ci gaba da kwana da ƙarafunan mutane? Sai gida ya rikice. Mai burodi yana saɓa nasa a kafaɗa har sama, yana haki kamar wanda aka koro. Uwar tagwaye ta daina fita. Malamar asibiti ta jingine nata a hanya, wakili ya ce in ya sake gani zai fitar da shi titi. Nawa yana tsaye tsakanin gado da ƙofa, sai na tsallake shi nake alwala, babu rigata da ba ta sha baƙin mai ba.

Suka taru suka ce ni ne babba, in je in roƙa. Girma ke nan, Mai Ƙugiya: a tura ka inda kowa yake tsoro. Na sauko na kai bakin ƙofarka na juya. Na sake saukowa, na ɗaga hannu, na mayar da shi aljihu. Haka na yi ta yi har ranar da muryar maiɗakinka ta fito daga ciki.

"Malam, shigo mana. Sawunka ya ishe ni, kana ta zarya kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Na shiga. Ɗakin ya yi faɗin da ban san shi da shi ba, ƙugiyoyi tsirara a bango.

Ta ce, "Wa ya ce ku kwashe?"

Na ce, "Mun ga kamar za ki fi son sarari."

"Sarari in yi me da shi? Mutuwa mutum ɗaya ta ɗauke mini, ku kuka kwashe sauran. Da safe ina zaune ina jiran a ƙwanƙwasa, shiru. Ko kukan tagwayen ban ƙara ji ba." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Ni dai ba zan iya ɗaga ƙarfe ba. Kowa ya rataye nasa, ni in nuna masa wuri."

Nawa na fara kawowa. Na ɗaga shi da ƙyar, kafaɗa tana ƙara, na maƙala. Ta nuna shi da sandarka ta ce, "Baya ne a sama, Malam. Wata da watanni kana kallo ba ka koya ba?" Na sauke, na juya shi. Kafin la'asar bango ya cika, mai burodi a bakin ƙofa, keken jarirai a bayan ƙyaure.

Allah ya jiƙan ka, Mai Ƙugiya, ya gafarta maka kurakuranka. Yadda ka yi wa mutane wuri a cikin ƙunci, Allah ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanku da jikoki, da 'yan'uwa na kusa da na nesa, da duk mutanen gidan nan tun daga ƙasa har sama. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Zancen gado kuwa gaskiya ne, sai dai an ɗora maka abin da ba naka ba. Kai ka so a bar shi, aka ce maka katifa a ƙasa ba ta taɓa kashe kowa ba, aka kira masu ɗauka kana wurin aiki. Wadda ta faɗa mini wannan ita ce wadda ta kira su, maiɗakinka.