Daudu Mai Buhun Littattafai

A wani ɗan ƙauye da ke gefen Ruma aka haifi Daudu, kuma in ban da shekara shida da ya yi yana gadin wani shagon siminti a birnin Katsina, can ya yi rayuwarsa har furfura ta fara yi masa sallama. Karatunsa na boko bai wuce aji shida ba. A wurin gadin nan ya kamu da son littafi, domin aikin zama ne, ga kuma wani mai tebur kusa da shi da ke ba da hayar littattafan Hausa. Ya fara da na soyayya, ya ga ba su karɓe shi ba. Ranar da ya ɗauki wani na kisan kai da bincike kuwa, sai da mai shagon ya kira shi sau uku kafin ya ɗaga kai.

Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida ya rungumi gona, ya zo da littattafansa cikin buhun taki. Buhun bai daina ƙaruwa ba, don duk wanda zai shiga birni sai Daudu ya ba shi saƙo.

Mutum ne mai ra'ayi, kuma ba ya ɓoye shi. A wurinsa littafin ƙwarai shi ne wanda aka yi ɓarna a farkonsa, aka rasa wanda ya yi, sannan wani mai haƙuri ya bi sawu har ya kai ga mai laifi. Sharaɗinsa shi ne marubuci ya auna maka a gabanka, kamar mai awon gaskiya a kasuwa. Duk alamar da mai bincike ya gani, kai ma a nuna maka ita, in ka kasa ganewa laifinka ne. Marubucin da zai ɓoye wani ɗan'uwa a ƙasar waje, sai a shafin ƙarshe ya fiddo shi ya ce shi ne makashin, Daudu yakan ce wannan algus ne. Yana kuma jin haushin jami'in da zai bar gawa kwance ya tafi zance wurin budurwa har babi uku.

Littattafan aljanu da matsafa kuwa, yana saye, yana karantawa, yana kushe su. Saboda matarsa Mero yake sayen su. Ita ba ta yi boko ba, amma kunne gare ta. Bayan la'asar, in ta zauna ɓarar gyaɗa, shi ke karanta mata.

"Kin ji ko?" yakan ce, ya kife littafin a cinya. "Ya kulle yarinya a ɗaki ba ƙofa ba taga, ya rasa yadda zai fiddo ta, sai ya kira aljani. Ba na musun akwai su, Alƙur'ani ya faɗa. Amma wanga marubuci rago ne."

"Malam, kai dai ci gaba. Ni tsoron nike son ji."

"Tsoron banza."

"To naka fa? A kashe mutum tun farko, a bar uwa tai da kuka, ku kuna can kuna duban sawun takalmi."

Abokin hirarsa na biyu shi ne Nurain, Bafulatanin da rugarsu ke yamma da garin tun zamanin kakanni. Shi ke riƙe wa Daudu shanun huɗa biyu da rani, Daudu kuma ya bar masa kara da harawa bayan girbi, shanu su zauna a gonar su bar taki. Nurain yana son a ba shi labarin littattafan binciken nan, kuma sau da yawa kafin Daudu ya kai rabi ya riga ya canki mai laifin. Sai ya yi dariya ya ce wanda ya saba bin sawun saniya a kan fako ba zai rasa sawun mutum a takarda ba.

Abin da ya ci ƙasar nan bai zo rana ɗaya ba. Rugar su Nurain 'yan bindiga suka fara sharewa, aka kore shanu har da na huɗar Daudu. Daga nan aka shiga korar mutane daga gonakin da ke kusa da daji. Sannan wata rana da la'asar 'yan bindigar suka shigo garin kansa bisa babura. Daudu yana gona. Daga baya yakan ce a nan ya gane marubutan nan ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba. A littafi in jarumi ya ji harbi sai ya tsaya ya yi tunani. Shi bai yi tunanin komai ba, sai dai ya tsinci kansa cikin kwazazzabo da takalmi wari ɗaya, bakinsa cike da ƙasa.

Washegari suka binne mutum bakwai, gari ya watse. Rumbunsa ya ƙone ƙurmus. Mero ta ɗaure tukwane cikin zane, shi ya aza buhun littattafai a ka, suka taka har Batsari. Wasu a hanya suka ce Daudu ya zare, ya bar fartanya ya ɗauko takarda.

Wan Mero, Badaru, mai sayar da hatsi ne a Batsari. Ya ba su wani ɗan shago da ke jikin gidansa, mai rufin kwano da taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabci. Suka ce na ɗan lokaci ne.

Da damina ta zagayo aka yanke layin waya a duk yankin, aka rufe kasuwanni, aka taƙaita hawan babur. Gari ya zama kamar an kife shi da ƙwarya. Ba shiga ba fita, ba labarin ɗan'uwa. Masu karatun labarai a waya suka wayi gari ba abin karantawa, sai ga buhun Daudu ya yi daraja. Mata na aikowa aro, maza kuma na taruwa a ƙofar Badaru bayan azahar, Daudu na karantawa yana tsayawa yana tambayar su wa suke zargi. Bai taɓa jin daɗin zaman Batsari kamar a watannin nan ba.

Sai kaka ta yi, gero ya nuna. Mutanen ƙauyensu da suka yi ƙarfin hali suka yi shuka da damina suka fara fita a ƙasa da sassafe, su yanko abin da kai zai iya ɗauka, su dawo kafin rana ta take. Daudu ya bi su kwana uku, yana taya wani maƙwabcinsa yanka. A rana ta huɗu gwiwarsa ta kumbura, bai je ba. A ranar aka tare su. Aka kashe biyu, aka tafi da uku.

Kwana ɗaya kafin nan Nurain ya shigo gari a ƙasa don ya sai wa matarsa magani a kemis. Yamma ta yi masa, Daudu ya hana shi komawa, ya kwana a zauren Badaru. Suna zaune da hantsi suna hira labarin ya iso. Kafin azahar kalma ɗaya ce a bakin kowa: infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. Wani ya ce ya ga baƙon Bafulatani jiya a gari. Samari suka zo suka fizge Nurain daga kan tabarma, suka ja shi suna duka har ƙofar mai unguwa.

Daudu ya bi su yana ɗingishi. Ya kutsa cikin taron ya tsaya tsakanin Nurain da sanduna.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai unguwa, "a tsaya a duba. Da mi zai faɗa masu? Waya ba ta aiki, kowa ya sani. Tun azahar ɗin jiya mutumen ga bai fita gari ba, gaba gare ni ya kwana ya tashi. Kuma mu da kanmu kwana ukku muna bin turba guda a lokaci guda. Wanda ya hau dutse ya gan mu, ba ya bukatar kowa ya faɗa mai. Shi shanunsa aka fara korewa."

Sai wani mutum da aka kashe ƙanensa ya matso, idanunsa jajawur.

"Malam Daudu, nan ba littafi ba ne. Ƙanena na can kwance cikin gero, ba a ɗauko shi ba."

Daga baya wata murya ta ce, "Kai mi ya hana ka zuwa yau?"

Daudu ya nuna gwiwarsa, ba wanda ya duba. Ya waiwaya wurin Badaru don ya ba da shaida. Badaru ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai bai ga kwanciyar baƙon ba, bai ga tashinsa ba. Mai unguwa dattijo ne da ya ga jiya. Tun Daudu na magana ya riga ya aika a kira hukuma, ya tura Nurain cikin zaurensa ya tsaya a ƙofa. Da mota ta zo aka fito da Nurain jini na zuba daga kunnensa, aka tafi da shi.

Da yamma Badaru ya leƙo shagon, bai zauna ba.

"Ni cikin mutanen ga nike zaune, da su nike ci. Ba ni korar ka, ƙanwata kake aure. Amma ka zauna ciki har ƙura ta lafa."

Ƙurar ta yi kusan wata uku ba ta lafa ba. Majalisar ƙofar gida ta mutu. Littattafan da aka ara wasu aka riƙa ajiye su a bakin ƙofa ba sallama, wasu ba su dawo ba. A masallaci ana haɗa sahu da shi, don dole ne, amma bayan an sallame ba mai miƙo masa hannu. Sau biyu aka jefi kwanon ɗakin da dutse da rana tsaka. Ƙauye ba ya komuwa, hanyar Katsina ba ta biyuwa, ƙofar gida ma ta fi ƙarfinsa. Mutumin da ya saba ya wuni a fili yana ganin ƙarshen gonarsa ya koma wuni kan tabarma, yana sauraren ƙarar injin niƙa daga bayan katanga. Mero ke fita ɗebo ruwa, ta dawo ba ta faɗa masa abin da ta ji a bakin famfo.

Ya koma wa littattafansa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga ba ya iya ƙarasa su. Yakan bi mai bincike tiryan-tiryan, in an zo babin ƙarshe sai ya rufe.

"Lafiya, Malam?" Mero ta tambaye shi wata rana.

"Na gano inda ƙaryarsu take," ya ce. "Ba wurin gano mai laifi ba. Wurin da mai bincike zai tara jama'a ya yi bayani, kowa ya yi tsit ya saurara, har ma a ce mai sannu da aiki. Wanda ya rubuta haka bai taɓa tsayawa gaban mutanen da aka kashe ma ɗan'uwa ba."

Mero na tsince tsakuwa daga cikin wake ta ce:

"Ni abin da ya sa nike son nawa, aljani yana da doka. In ba ka zuba ruwan zafi ba bisimilla ba, in ba ka shiga hurumi nai ba, shina ƙyale ka. In ma ya kama mutum, a kira malami ya yi karatu, ya fita. Waɗanga da suka kore mu mi muka taka masu?"

Daudu ya zazzage buhun ya zaɓo wani na aljanu da bangonsa ya cire, ya fara karanta mata. Ya yi shafi kusan ashirin bai tsaya kushe ba.

Bayan an maido da layin waya aka ji cewa an saki Nurain, ba a same shi da komai ba, ya kwashe iyalinsa ya koma wurin dangi kusa da Safana. Ba wanda ya zo ya ce wa Daudu a yi haƙuri. Gaisuwa ce dai ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, yau mutum ɗaya, jibi biyu. Da aka buɗe kasuwa Badaru ya ba shi aikin ɗinkin bakin buhu a rumfarsa, ba su taɓa tada maganar ba.

Da rani ya shiga mota ya tafi Safana. Ya iske Nurain a bayan gari yana kiwon tumakin wani mutum, ya rame, kunnensa na hagu ya mutu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, Daudu ya zagaya ya zauna ta damansa.

"Na ji abin da ka faɗa rannan," in ji Nurain.

"Bai hana komai ba."

"Ya hana su gamawa kafin mota ta zo."

Suka maida ido kan tumaki. Nurain ya tambayi gonar, Daudu ya ce ya ji an ce sabara ta cinye ta. Ya tambayi wurin rugar, Daudu ya ce ba kowa. Matar Nurain ta kawo fura ba nono, tana ba da haƙuri. Kafin la'asar Daudu ya miƙe, don direbobi ba sa bin hanyar in rana ta karkata.

Har yau yana cikin shagon nan shi da Mero. Gwiwar ba ta warware ba, idonsa kuma ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, sai ya fito da littafi bakin ƙofa inda haske yake. Bana da hadari ya fara haɗuwa ya ji wasu na maganar komawa shuka. Ya je ya zauna da su, ya saurara har suka gama, ya tambayi turbar da za su bi da lokacin da za su riƙa fita. Suka dubi juna, ba wanda ya faɗa masa. Ya yi masu fatan alheri ya koma rumfa, akwai buhunan dawa da ke jiran ɗinki.