Numfashin Kwalbatin Jamus

Har gobe, in warin danyar laka ya buge ni, sai in ce da ma ban buɗe bakina ba ran nan.

A Garuwa aka haife ni, zamanin Jamus. Ruwan gidanmu ta rariya yake fita, ya bi lambatu, ya faɗa kwalbatin dutse da Turawa suka sa aka gina a ƙarƙashin hanyar bariki. Baffana na cikin waɗanda aka kama suka yi dakon dutsen. Bakin sama a buɗe yake, yaro na iya shiga da rarrafe. Can ciki wani reshe ya haɗu da shi daga wajen duwatsu. Bakin ƙasa kuwa, wajen kogin Binuwai, an datse shi da sandunan ƙarfe don tare shara.

Kakarmu ba ta zuba ruwan zafi a rariya sai da bisimilla, wai akwai masu kwana a ciki. Takan ce, "Ramin nan numfashi yake yi. In ya huro muku sanyi, ku gudu."

Wata la'asar a farkon damina, rana tarwai, ɗan akuyar innarmu ya shige cikin kwalbatin. Ni aka ba kiwonsa, ni zan sha duka. Na durƙusa a bakin ramin, sanyi ya bugi fuskata, ga wani gunji can nesa kamar ana niƙa. Na ji shi sarai. Duk da haka na dubi ƙanena na ce, "Kai ne siriri, shiga. Ko tsoro kake ji, ɗan lelen inna?"

Ya shiga. Ashe an tafka ruwa a kan duwatsu, mu ba mu ga ko ɗigo ba. Ruwan ya biyo reshen nan, ya tafi da shi.

Baffa ne ya ɓalle sandunan da gatari, ya zaro ƙanena daga cikin shara, da sauran rai. Amma bai sake magana ba. Mutane suka ce masu ramin ne suka riƙe muryarsa. Na bar su a haka.

Ya rayu har ya yi furfura. Duk ran da za a yi ruwa, tun hadari bai taso ba, sai ya ajiye akushinsa, ya juyo yana kallona. Ban taɓa iya tambayarsa abin da yake ji ba.

Yanzu magudanan garin na siminti ne, yara suna tsere a ciki. Don Allah, in ka ga yaro a bakin ɗaya, janye shi, ko da uwarsa za ta zage ka.