Azarar ɗakin Baba

Kowace shekara kafin ruwan fari, Baba yakan sa a kwaɓa ƙasa a hau soronsa a Gwandu a ƙara yaɓe. Duk inda ya yi yoyo bara, nan ake laftawa. Haka kowa ke yi a unguwarmu, ba wanda ya taɓa tunanin kankare tsohuwar ƙasar tukuna.

Ni kuwa aikina a Kalgo shi ne nuna wa ɗalibai yadda waya ke miƙewa idan an rataya mata nauyi. Kullum ina fama da su kan abu biyu da suke haɗawa. Akwai matsin da abu ke ɗauke da shi a cikinsa, wanda ido ba ya gani. Akwai kuma yadda siffarsa ta sauya saboda matsin, miƙewa ko lanƙwasa. In ba a wuce iyaka ba, ana sauke nauyin abin zai koma yadda yake. In an wuce, shi ke nan.

Wata Juma'a na je gaishe shi, na ɗaga kai na dubi rufin ɗakinsa. Azarar tsakiya ta yi ciki kamar igiyar shanya. Lanƙwasar ke tara ruwa a sama, ruwan ya jawo yoyo, yoyon ya jawo ƙarin ƙasa.

Na ce, "Baba, ku koma ɗakin kwano. Azarar nan ta gaji."

Ya yi dariya. "Icce na gajiya? Ɗakin ga ubana yag gina shi, nan anka haihe ni. Mi kake so in tai in yi cikin kwano, in gasu?"

Raina ya ɓaci, amma ban yi musu ba. Da rani na lallashe shi har ya yarda aka kankare ƙasar. Jakuna suka yi ta kwasa. Da aka gama na shiga na duba, ina fatan ko ɗan ɗagowa ta yi. Ko gezau. Wajen tsakiya ma ta fara tsagewa.

Baba ya ga haka ya ce tunda sauke ƙasar bai gyara komai ba, a mayar da ita. Aka mayar, har da ƙari.

Yanzu mun tokare ta da gungume ɗaya, gadonsa na nan ƙarƙashinta. Duk ranar da hadari ya haɗu ta gabas, nakan fito bakin ɗakin gwaji in kira shi a waya. Ba ni da abin faɗa masa. So nake kawai in ji ya ɗauka.