Ranar da Na Yi Magana a Gidan Suna

A Gama aka haife ni, inda in akuyar wani ta ci dusar maƙwabci da safe, kafin azahar kowa ya ji. Aure ne ya kai ni Nassarawa GRA, unguwar manyan ma'aikata, a shekarun da kuɗin fetur ya shigo ƙasa, ma'aikatan gwamnati suka shiga sayen motoci da firji da talabijin. Maigidana injiniya ne a ma'aikatar ayyuka, ni kuma ina koyarwa a firamare. Gidan da aka ba mu babba ne, ga mangwaro ga darbejiya, amma sai mutum ya yi wata bai ga fuskar maƙwabcinsa ba. Mota kawai za ka ga ta shige, maigadi ya ja ƙofa.

'Yata ta fari tana aji biyu a lokacin. Makarantarsu da tawa ba hanya ɗaya ba ce, sai muka nemi direba. Wata Hajiya da ke bayan layinmu, matar wani ɗan kwangila, ita ta turo mana shi. Ta ce ya taɓa yi musu aiki, ya iya tuƙi, ba shi da ɗauke-ɗauke. Mutum ne mai tsafta, mai sanyin murya, in zai gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa.

Bayan 'yan watanni yarinyar ta canza. Kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Wata ranar Asabar ina yi mata kitso a baranda, kanta na kan cinyata, sai ta ce, "Umma, ni ba na son ya riƙa tsayawa da mota a gindin bishiyoyin nan."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "In ya tsaya me yake yi?"

Ta faɗa mini. Ba zan maimaita shi a nan ba. Na daure na ƙarasa kitson, don kada ta ga tashin hankalina ta ɗauka ita ta jawo. Sannan na juyo da fuskarta na ce, "Ba ki yi laifin komai ba. Kin kyauta da kika faɗa."

Yayan maigidana ya zo da shawarar a sallami direban a yi shiru. Ya ce yarinyar mace ce, wata rana aure za ta yi. Maigidana ya saurare shi har ya gama, sannan ya ɗauki makullin mota ya tafi wurin 'yan sanda. Aka yi shari'a, mutumin ya amsa laifinsa, alƙali ya tura shi gidan yari. Na ɗauka magana ta ƙare.

Shekara ta zagayo da 'yan kai. Wata rana ina dawowa daga aiki a tasi, mun biyo ta Giginyu, sai na hango wata ƙaramar bas ruwan ɗorawa cike da yara, 'yan wata sabuwar makarantar kuɗi. Direban nan ne a kan sitiyari. Wata 'yar ƙarama da farin ɗankwali tana zaune a gaba kusa da shi, tana lasar alewa.

Washegari na je wurin babban ɗan sandan da ya riƙe maganarmu. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce, "Hajiya, ya gama zaman da aka yanke masa. Doka ba ta ba ni ikon in bi shi ina shela ba. Sai in ya sake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai in ya sake da 'yar wa?"

Ya miƙe ya raka ni bakin ƙofa.

Na tafi wurin mai makarantar. Ya ce zai duba. A shekarun nan motoci sun fi direbobi yawa, wanda ya sami mai hannu ba ya son rabuwa da shi. Sati ya wuce, bas na nan tana kai da kawo, shi ne dai a ciki.

A makon nan aka yi suna a gidan wani babban sakatare, kuma na san duk matan GRA da na kewaye za su hallara. Kafin in tafi na faɗa wa maigidana abin da ke raina. Na ce in na yi magana, kowa zai gane 'yarmu ce. Sai ya ce, "A gaban jama'a aka yi shari'ar. Kunyar tasa ce, ba tamu ba. Je ki."

Gidan ya cika. Leshi da gwala-gwalai ko ta ina, ƙamshin turaren wuta, masu kiɗan ƙwarya a gefe, ana ta shigo da farantan shinkafa da lemo mai sanyi. Bayan la'asar, da kiɗa ya lafa, na miƙe. Dama na saba tsayawa a gaban aji. Na yi sallama, na yi wa mai jego barka, na nemi afuwa. Sannan na faɗi sunan mutumin, da kamanninsa, da launin bas ɗin da yake ja, da abin da ya kai shi gidan yari. Na ce a gidana ya yi, kuma yanzu 'ya'yan wasu ne a hannunsa.

Wata daga baya ta ce, "Haba baiwar Allah, wannan ai ba maganar gidan suna ba ce."

Kakar jaririn, tsohuwa mai carbi a hannu, ta ɗaga kai ta ce, "Yaro muka taru dominsa. In ba a yi maganar yara a nan ba, a ina za a yi? Ƙarasa, 'yar nan."

Ban ma ƙarasa ba sai Hajiyar da ta turo mana shi ta miƙe. Mayafinta ya zame ba ta kula ba. Ta ce, "Ni na tura mata shi. Ba don komai muka sallame shi ba sai abin da ya yi wa 'yar ƙanwata da nake riƙo. Muka ce a rufa asiri. Da bakina na yabe shi don ya bar mana gida." Ta fashe da kuka. Wata matar likita kuma ta ce kafin gidan Hajiya a gidansu yake, su ma shiru suka yi. Mata biyu da 'ya'yansu ke shiga bas ɗin suka ɗauki jakunkunansu suka fita ko sallama babu.

Na yi zaton zan tsani Hajiyar nan har abada. Amma da safe sai ga motarta a ƙofar gidana. Ta ce, "Ƙanwata, shigo. Duk inda za ki, tare za mu."

Wurin mai unguwar Giginyu, inda mutumin yake zaune, muka fara zuwa. Dattijo ne mai taka-tsantsan. Ya ce ba zai ɓata sunan mutum a kan ji-ta-ji-ta ba, sai ya aiki wakilinsa kotu ya jiyo. Da wakilin ya dawo ya tabbatar, mai unguwa ya kira liman da dattawa. Ranar Juma'a bayan salla liman ya sanar da mutane a fili, ya ce kada wanda ya sake ba mutumin nan aikin da zai haɗa shi da yara. Mu kuma muka bi gidajen GRA ɗaya bayan ɗaya. Wasu ƙofofin ban taɓa shiga ba sai a lokacin. Masu gadi da kuku-kuku da direbobi suka ɗauki maganar zuwa majalisunsu, har tashar mota ta kai.

Mai makarantar ya karɓe makullin bas, ya zo gidanmu da kansa yana ba da haƙuri. Wasu samari suka ɗauko sanduna za su je inda mutumin yake kwana. Mai unguwa ya tare su. Ya ce, "Hukunci alƙali ya riga ya yi. Mu sani muka ce a yi, ba duka ba." Shi ne ma ya sa aka samar masa aikin jan tifar yashi a wurin gine-gine, cikin manyan maza. Da aka ji ya koma Kaura Goje da zama, mai unguwa ya aika wa takwaransa na can, shi ma ya sanar da nasa mutanen. Har na bar GRA ban sake jin an ba shi amanar yaro ba.

Daga nan matan layinmu suka ɗauki wata al'ada. Duk wadda za ta ɗauki direba ko malamin darasi, sai ta taka da ƙafarta zuwa gidan da ya baro, ta tambayi uwar gidan ido da ido me ya raba su. Yanzu ina ji a rediyo ana maganar dokar yi wa masu irin wannan laifi rajista a sanar da unguwa. Mu a lokacin ba mu da doka, bakinmu kawai muke da shi.

'Yata ta ji labari a makaranta. Ta zo ta same ni a kicin ta ce, "Umma, wai kin faɗa wa kowa?"

Na ce, "Na faɗa."

"Ba a yi miki faɗa ba?"

"An so a yi. Wata kaka ta hana."

Ta yi dariya, ta ɗauki yankan mangwaro ta fita wasa.

A hutun ƙarshen shekara na koyi mota. Ranar da aka koma makaranta ni na kai ta da kaina. A bakin ƙofar makarantar mota ta mace mini, na tayar ta sake macewa, direbobi na ta danna ham a bayana. Yarinyar ta leƙo da kai ta taga tana ɗaga wa ƙawayenta hannu, tana ihu, "Ku zo ku gani, Ummana ce ke tuƙi!"